Neman kalma: me za mu kira "penetration" a katin tankar yaƙi?

Mai Jadawali:

Assalamu alaikum jama'a. Ana kan mayar da katunan tankokin Yaƙin Duniya na Biyu zuwa Hausa, domin masu wasan yaƙi na kan tebur, wanda ake jera 'yan ƙananan tankoki da sojojin roba ko na dalma, a auna tazara da tef, a jefa ɗan ludo. Yawancin guraben katin ba su ba da wahala ba: sulke, gudu, nisan harbi, yawan harbi. Gurbi ɗaya ne ya ƙi zama, wato wanda Bature ke rubuta "penetration", ko ya gajarta shi zuwa "Pen". Lamba ce da ke nuna kaurin ƙarfen da harsashin igwa zai iya shiga ya wuce. A jadawalin tarihi da milimita ake rubuta ta, a wasa kuma ƙaramar lamba ce da ake haɗawa da abin da ɗan ludo ya nuna. Kalmomi huɗu ne a gabana: fasa, ratsa, huda, da ƙarfin igwa. Ana son wadda za ta shiga ƙaramin gurbi a kati, kuma a iya faɗinta da sauri ana tsakiyar wasa. Masana, bismillah.

Ɗan Igwa:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da cire "ƙarfin igwa", domin zai ɓatar da sabon ɗan wasa tun ranar farko. Duk wanda ya ji ƙarfin igwa, faɗin bakinta zai duba, alhali faɗin baki dabam, abin da ake nema dabam.

Ga tankokin Jamus guda biyu. Tiger I tana ɗauke da igwa mai bakin milimita 88, Panther kuwa tata milimita 75 ce. Amma a jadawalin Jamusawa, da harsashin sulke na yau da kullum, igwar Tiger tana shiga wajen milimita 110 a nisan mita 500, ta Panther kuma wajen 124. A mita 1,000 ta Tiger ta sauko kusan 100, ta Panther tana 111. Mai ƙaramin baki ita ce a gaba. Dalili shi ne bututun Panther ya fi tsawo idan aka gwada da faɗinsa, kuma kwanson harsashinta na cin albarushi da yawa, saboda haka harsashin yana fita da gudun sama da mita 900 a daƙiƙa, na Tiger kuma bai kai 800 ba. In kuwa harsashi mai fashewa ake magana, wanda ake jefa wa sojan ƙasa da gini, na Tiger ya fi ɓarna saboda ya fi ɗaukar nakiya. To wace ce mai "ƙarfi" a cikinsu? Kalmar ba ta raba gardama ba.

Ni "ratsa" na zaɓa. Abu ya shiga ta nan ya fita ta can.

Mai Awo:

Ɗan Igwa, hujjarka a kan ƙarfin igwa ta zauna, amma ratsa tana da matsala biyu. Ta farko, a gurbin kati suna ake buƙata. In ka ce "ratsi", mai karatu zane zai gani, kamar ratsin fari a jikin baƙi, kuma ga shi su kansu tankokin nan ana yi musu fentin ɓad-da-kama mai ratsi-ratsi. Za a wayi gari ana tambayar ko launin tankar ake nufi. In ka ce "ratsawa", ta yi tsawo kuma ta yi laushi. Sanyi yana ratsa mutum, magana tana ratsa zuciya, hanya tana ratsa daji, babu inda aka bar rami. Ta biyu ta fi muhimmanci: ratsa tana ba da labarin abin da ya riga ya faru, lambar da ke kati kuwa iyawa take nunawa, ba sakamako ba. Igwa mai lamba babba tana iya harbi harsashin ya goce.

Bari a ga yadda lambar ke aiki. A wasan kan tebur mai suna Bolt Action, bugu na biyu na 2016, kowace mota tana da lambar sulke: motar sulke mai taya 7, ƙaramar tanka 8, matsakaiciya 9, babba 10, ƙatuwa 11. Igwar kakkaɓo tanka kuma: ƙarama +4, matsakaiciya +5, babba +6, mafi girma +7. Bayan harbi ya samu, sai a jefa ɗan ludo a haɗa da lambar igwar. Tankar Amurka Sherman mai igwa +5 ta harbi gaban Tiger mai 10: in 5 ya fito an yi kunnen doki, ɓarnar sama-sama ce kawai, sai 6 ne zai shige sosai. In ta zagaya ta harbi gefe an ƙara mata 1, ta baya an ƙara 2, in kuma nisan ya wuce rabin iyakar igwar an rage 1. Kun ga lamba ɗaya, sakamako uku: ya kasa, ya taɓa, ya shige. Kalmar gurbin dole ta tsaya a tsakiya, ta bar wa sakamakon nasu sunayen.

Shi ya sa na fi son "huda". A rubutu mai tsawo a ce "ƙarfin huda", a kati a rubuta "Huda" kawai. Harafi huɗu. A baki ma tana tafiya: "hudar igwarka nawa?" "Biyar, da ɗaya na gefe, shida." Sai dai a kiyaye, da d maras ƙugiya ake rubuta ta, kada gyaran waya ya mayar da ita huɗa mu koma gona.

Sarkin Ludo:

Ni fa "fasa" nake ji a bakin mutane. An fasa tanka, an fasa sulke. Me ya sa za mu bar abin da kunne ya saba da shi?

Ɗan Igwa:

Yallaɓai, saboda muna buƙatar fasa a wani wurin, kuma in muka kashe ta a nan ba mu da madadinta. Akwai makaman da ke kashe tanka ba tare da sun yi rami ba. SU-152 da ISU-152 na Tarayyar Sobiyet suna jefa harsashi mai fashewa na milimita 152, nauyinsa ya haura kilo 40. Ba sai ya shiga ba: girgizar tana tsaga walda, ta cije zoben da kan tanka ke juyawa a kai, ta ɓantaro ƙarfe daga bangon ciki ya watsu kan mutanen da ke zaune. Tankokin da aka haɗa da ƙusa maimakon walda, irin M3 Lee ta Amurka, ƙusoshin ne ke tsinkewa su yi ta yawo a ciki. Bayan yaƙin ma Birtaniya ta yi ta amfani da wani harsashi da aikinsa ke nan: nakiyarsa mai laushi ce, ta manne a jikin sulke ta baje sannan ta tashi, sai faifan ƙarfe ya ɓalle ta ciki. Wannan shi ne fasa. Huda ba ta faru ba, amma tanka ta mutu.

Akasin haka ma yana faruwa: harsashi ya huda sulke mai siriri ya fice ta ɗaya gefen bai taɓa inji ko ma'ajiyar harsasai ba, tanka ta ci gaba da faɗa. Shi ya sa wani wasan kan tebur, Flames of War, ya raba abin gurbi biyu. Akwai lambar da ake gwadawa da sulke, inda mai tankar da aka harba ke jefa ɗan ludo ya haɗa da sulkensa, a ƙara masa 1 in nisan ya wuce inci 16, wato santimita 40. Sannan akwai wata lamba dabam da maharbi ke jefawa don a ga ko tankar ta ƙone ko mutanenta sun tsorata sun daina faɗa na ɗan lokaci. Ta farko huda, ta biyu ɓarna. Na janye ratsa, Mai Awo ya fi ni hujja.

Mai Awo:

To tunda an fara daidaitawa, ga inda masu haɗa jadawali ke faɗawa rami, kuma ya shafi abin da za a rubuta a ƙarƙashin kalmar. Lambar huda ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an faɗi abu uku tare da ita: nisa, kusurwa, da irin harsashi.

Kusurwa ce ta fi cin mutane. Sulken da aka kwantar ya fi kaurinsa na zahiri, domin harsashi yana bi ta cikinsa a karkace. Lissafin farko mai sauƙi ne: a raba kaurin da kosain na kusurwar (wata lamba ce ta lissafin kusurwa da kalkuleta ke bayarwa), ana aunawa daga tsaye. Gaban T-34 ta Sobiyet milimita 45 ne, an kwantar da shi digiri 60, kosain ɗinsa rabi ne, saboda haka hanyar da harsashi zai bi milimita 90 ce. Gaban Panther 80 ne a digiri 55, ya ba da kusan 140. Sherman ta farko tana da 51 a digiri 56, wajen 91. Ta baya an ƙara kauri zuwa 63.5 amma an miƙe shi zuwa digiri 47, ya ba da wajen 93, kusan ba a motsa ba. Tiger I tana da 100 a gaba, amma kusan a tsaye yake, ɗari ɗin nan ita ce ɗari. Wanda ya kwafi kauri tsura ya zuba a kati zai sa Tiger a saman Panther ta gaba, kuma ya juya gaskiya ke nan. Ta gefe ne labarin ya sauya: Tiger na da 80 a saman gefenta, Panther 40 zuwa 50 kawai. Bolt Action ya kama wannan daidai, ya bar Panther a 9 amma gabanta a ƙirga shi 10.

Su kuma lambobin da Ɗan Igwa ya kawo, 110 da 124, Jamusawa sun auna su ne a kan faifan da aka karkatar digiri 30 daga tsaye. A wasu takardunsu za ka ga 60 a rubuce, domin daga kwance suke ƙirgawa, abu ɗaya ne. In ka ɗauki lambar Jamus ta digiri 30 ka jera ta da lambar wata ƙasa da aka auna a faifai miƙaƙƙe, ka zalunci igwar Jamus ba tare da ka sani ba. Ƙa'idar "ya shiga" ma ba ɗaya ba ce: ma'aunin Sobiyet yana neman a tarar da kashi 75 cikin 100 na harsashin a bayan faifan, wani ma'aunin sojan ƙasa na Amurka kuwa rami ko tsagar da haske zai bi ta ishe shi. Mafita ita ce a ɗauki dukan lambobin wasa ɗaya daga tushe ɗaya mai ma'auni ɗaya, ko da wani tushen ya fi burge ka.

Lissafin kosain ɗin ma kada a riƙe shi kamar wahayi. In faɗin harsashi ya fi kaurin faifan sosai, kwanciyar ba ta ba da duk abin da lissafi ya yi alkawari, domin harsashin yana danne faifan ya ɓalle shi maimakon ya zame. Milimita 45 na T-34 ya wahalar da igwogin Jamus masu bakin 37 da gajeren 50 a 1941, amma da dogayen 75 da 88 suka yawaita, casa'in ɗin nan ta takarda ta daina aiki kamar casa'in ta gaske.

'Yar Fenti:

Malamai, tambaya ɗaya kafin a rufe. Panzerfaust fa, makamin hannun nan na Jamus na kakkaɓo tanka? An ce ba da gudu yake shiga ba. Huda ta dace da shi?

Ɗan Igwa:

Ta dace ƙwarai, Malama, har ta fi dacewa da shi, domin ramin da yake bari ɗan siriri ne. A cikin kansa akwai mazurarin ƙarfe da nakiya a bayansa. In ta tashi sai ta matse mazurarin ya zama tsinke mai gudun kilomita da yawa a daƙiƙa, shi ke shiga. Tunda ƙarfin daga nakiyar yake fitowa ba daga gudun jifa ba, hudarsa wajen milimita 200 ce ko a kusa ko a ƙarshen nisansa. Abin da nisa ke ragewa shi ne dacewar samu. Lambobin da ke jikin sunansa, 30 da 60 da 100, mitocin da aka tsara a harba shi ne. Saboda haka a kati irin wannan makami a sa masa alama cewa hudarsa ba ta raguwa da nisa. A kira shi "mai mazurari", na sauran kuma "mai gudu".

Wani abin da ake yawan kuskurewa: siraran faifan nan na milimita 5 da Jamus ta rataya a gefen tankokinta Panzer III da Panzer IV daga 1943, ba don makami mai mazurari aka fara yin su ba. Don bindigogin Sobiyet masu bakin milimita 14.5 ne, PTRD da PTRS, waɗanda ke huda gefe mai kaurin 30 daga kusa. Faifan yana karkatar da harsashin ya iso sulke a gicciye. Mai ƙara wa wasan dokar kansa ya fara da rage hudar waɗannan bindigogin.

Mai Jadawali:

Allah ya saka da alheri. An rubuta "Huda" a kan gurbin, a ƙasansa da ƙananan haruffa nisa da kusurwa, gurbin da ke kusa da shi kuma "Ɓarna". Abin da za a riƙa faɗa bayan an jefa ɗan ludo: in ya kasa, "ya goce", in kunnen doki ne, "ya kafe", in ya shige, "ya ɓulla".

Sarkin Ludo:

Na yarda da huda, amma "ya goce" bai rufe duka ba. Harsashin da ya daki gaban Tiger a miƙe ya kasa ba gocewa ya yi ba, tarwatsewa ya yi ko ya lanƙwashe. Gocewa ta sulken da aka kwantar ce. A wasan da bai raba su ba a ce "sulke ya tare", ya ɗauke biyun.

Mai Awo:

Haka ne, a sa "ya tare". Kuma Mai Jadawali, gurbin sulke ma a raba shi uku tun yanzu, gaba da gefe da sama, a rubuta a bayan katin ko kaurin zahiri aka sa ko wanda aka lissafa da kwanciya. In ba haka ba, wanda zai ƙara katin wata tanka irin IS-2 ko Churchill nan gaba ba zai san wanne zai bi ba.