Shawarar masu gyaran waya a Nima kan batirin litiyom

Jiya da yamma na zauna da masu gyaran waya a Nima, wata unguwa a Accra, hira ta kai mu kan batiri. Wani dattijo ya nuna mana guda da ya kumbura, bakinsa ya yi tsatsa. Ya ce gishirin ruwan ciki, LiPF6, ba ya shiri da danshi: da sun haɗu sai asid ya fito ya ci siririn alminiyom da ke cikin batirin. Ga kuma iskar tekun Accra mai danshi, abin ya dame ni.

Sun ce kada a huda wanda ya kumbura, kada a bar waya cikin zafin mota. Abin da suka fi nanatawa: kada a ajiye batiri a mace wata da watanni, tagullar ciki narkewa take yi. A bar masa rabin caji.