Hawan Tubkal da sanyi da saukowa a kan allon zamiya: waɗanda suka je su ba mu labari

Bamaraɗe a Rabat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku ne, ɗalibai a nan Maroko, mun ƙudurta hawan Dutsen Tubkal a watan Fabrairu, mu sauko a kan allon zamiya bisa dusar ƙanƙara. Zamiyar mun koya a Ukaimedan, wurin wasan zamiya da ke kusa da Marakash, amma can akwai injin da ke ɗaga mutum sama, akwai jama'a ko'ina. Tubkal kuwa mita 4,167 ne, da ƙafa za ka hau, allonka a bayanka. Duk wanda ya taɓa zuwa da sanyi, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Yaya Kano-Marakash:
Wa alaikumus salam ƙanena. Daga Marakash za ku shiga tasi ta Asni zuwa ƙauyen Imlil, a nan mota take tsayawa. Ku riƙe fasfo a kusa, ana dubawa a hanya, kuma tun bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan yawon buɗe ido mata biyu a ƙarshen 2018 ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora. Mu alfadari ya ɗaukar mana kaya har muka wuce Sidi Shamharush, wani wurin ziyara mai farin dutse da ke kan hanya. Da muka iso inda dusar ƙanƙara ta fara, mai alfadarin ya sauke kaya ya juya, don dabba ba ta shiga. Daga nan ko ka biya ɗan dako ko ka goya. Masaukin mahaya yana kan mita 3,207. Mun isa a gajiye liƙis, alhali ainihin hawan sai gobe.

'Yar Zinder likita:
Kafin maganar takalmi da allo, kun san rukunin jininku, wato ko AA ne, AS ko SS? Ba mai sikila kaɗai nake nufi ba, shi wannan tafiyar ba tasa ba ce sam. Mai AS ma, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, ƙarancin iskar shaƙa a can sama yana iya toshe masa jini a saifa. A tafiyarmu wani ɗan'uwa ya fara ciwo mai tsanani a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, tun a masauki. Ya ce sanyi ne ya kama masa ciki. Na dage aka sauko da shi a daren, kuma a asibiti aka tabbatar saifa ce. Mu da wannan jini ya yawaita a cikinmu, bai kamata mu kwafi shirin Bature yadda yake ba. Ku yi gwaji, ku ga likita kafin ku biya kuɗin komai.

Sai yatsu. Daskarewa ba ta saurin nunawa a baƙar fata, don haka kada ku jira launi ya canja. Da yatsa ya daina ji, ku tsaya ku cusa hannu a hammata. Safar hannu biyu, siririya a ciki, mai kauri a waje, da wata ajiye a jaka.

Malam na Girenobul:
Ni a tsaunukan Alp na Turai na saba, Tubkal na je ne da abokan aiki. Abin da zan jaddada shi ne saukowa, don kowa hankalinsa na kan ƙololuwa. Mun bar masauki da asuba da tocilan goshi, gangaren farko ya daskare kamar kwalba, ba ya hawuwa sai da ƙarafan takalmi masu haƙora da gatarin ƙanƙara. Ku gwada ƙarafan a kan takalmin zamiyarku tun a gida, don takalmin allo taushi gare shi, ba kowane ƙarfe ke zama a kansa ba.

A mashigar Tizi n'Tubkal muka ajiye allunanmu. Daga nan zuwa dalar ƙarfen da ke ƙololuwa iska ta share ƙanƙarar, duwatsu ne tsirara. Da muka dawo ba mu zamo nan take ba, mun zauna mun jira rana ta ɗan sassauta fuskar ƙanƙarar. In ka yi sammako da yawa, bakin allo ba zai kama ba. In ka makara, ta jiƙe ta yi nauyi, tana iya zaftarewa da kai. Gangare mai karkata tsakanin digiri 30 da 45 shi ne ya fi zaftarewa, kuma shi ne ya fi daɗin zamiya.

Kowannenku ya rataya na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, ya sa shebur da sandar lalube a jaka. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yakan rayu, bayan nan dama tana raguwa da sauri, kuma ba wanda zai iso cikin wannan lokacin in ba abokan tafiya ba. Ku binne na'ura ɗaya a jaka a Ukaimedan ku yi ta nema har hannu ya saba. A gangare kuma ɗaya bayan ɗaya ake sauka, sauran suna kallo.

Yaya Kano-Marakash:
Malam ya yi gaskiya. Mu ba mu kai ƙololuwa ba. Sabuwar ƙanƙara ta zuba da dare, iska ta tara ta a gangare, ɗan jagoranmu ya caka sanda ya ce a koma. Ɗayanmu ya yi ta gardama saboda kuɗin da ya kashe. Ku yanke tun a Imlil cewa maganar ɗan jagora ita ce ta ƙarshe, ku kuma sa lokacin da za ku juya ko an kai ko ba a kai ba.

Hajiya ta Fas:
Ku yi alwala a masauki, ku cika filas da shayi, robar ruwa kuma a cikin riga, in ba haka ba za ta daskare. Dabino ya fi biskit amfani a can. Baƙin tabarau dole ne, hasken ƙanƙara yana ƙona ido, na ga wanda ya kwana yana hawaye.

Bamaraɗe a Rabat:
Allah ya saka da alheri. Likita, ɗayanmu bai san rukuninsa ba, gobe zai je gwaji. Malam, na'urar nan a Marakash ake samun hayarta, ko sai mun tambayi ɗan jagora ya taho mana da ita?