Kwasar adashena ta zo, iska kuma ta yaye rufin majami'armu

Ɗan Kafur:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema, don kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini.

Ni malamin firamare ne a cikin Katsina, ina haya a Sabuwar Unguwa. Wata 14 ina zubin adashe, ƙarshen watan nan kwasata ce, naira dubu 420. Tun ran da na fara zubi babur na sa a rai, ko na hannu ne, domin kuɗin Keke Napep zuwa Ƙofar Durɓi da dawowa yana cin albashina ba kaɗan ba. Har na je na ga wani, na hau, na zaga da shi.

Sai ranar Litinin Inna ta kira daga ƙauyenmu. Hadarin farkon damina ya yaye kwanon majami'a, rabinsa a gonar maƙwabta aka tsinto shi a lanƙwashe. Ranar Lahadi a gindin darbejiya suka yi sujada. A ɗakin nan na haddace Matiyu 6:33, cewa mu fara biɗar Mulkin Allah. Babu wanda ya roƙe ni ko sisi. Amma duk sa'ad da na durƙusa na ce "nufinka za a yi", babur ɗin nake gani a gabana. Son zuciya ne ke riƙe da ni, ko buƙata ce ta gaskiya?

Tsohon Malamin Lahadi:
Ɗana, buɗe Haggai sura ta 1. Yahudawa sun komo daga bauta a Babila, suka kafa harsashin Haikali, sannan aka bar aikin shekara da shekaru, kowa yana cewa lokaci bai yi ba, alhali gidajensu a rufe suke da katako. A shekara ta biyu ta sarautar Dariyus sarkin Farisa, wato 520 kafin haihuwar Almasihu, annabin ya ce musu suna shuka da yawa suna girbe kaɗan, ladan aikinsu kamar a jaka mai huji yake zuba. Ban ce kai ne su ba. Amma abin da ya hana ka barci kwana uku, kada ka danne shi.

Maman Biyu:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Mutanen Haggai ƙawa suke yi, ƙanena kuwa abin zuwa aiki yake nema. Ƙanena, ka tuna Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5, waɗanda suka sayar da gonarsu, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo sauran kamar shi ke nan duka. Bitrus ya ce gonar tasu ce, kuɗin ma a hannunsu yake. Ƙaryar ce ta kashe su. Na taɓa ba da kuɗin keken ɗinkina gaba ɗaya a taron Zumuntar Mata don kunyar idon jama'a, na yi wata shida ina gunaguni a zuci. Har yau ina jin nauyin wannan baiko, domin 2 Korantiyawa 9:7 ta hana bayarwa da ɓacin rai ko a kan tilas.

Sannan ita Inna fa, wa ke saya mata taki bana? 1 Timoti 5:8 ma, da ta ce mutum ya kula da danginsa, maganar Allah ce. Ka tambayi dattawan ikilisiya bandir nawa kafinta ya ce, kada ka ɗauki rufin duka a kanka kai kaɗai. Ku 'yan ƙauyen da ke Katsina da Funtua da Kano kuna da yawa.

Ɗan Kafur:
Na gode Baba, na gode Yaya. Maganar taki ta kama ni, ban ko tuna ba. Na kira dattijon da ke riƙe da kuɗin majami'a, ya ce bandir shida da katako da ƙusa. Zan ɗauki bandir biyu da buhun taki ɗaya na Inna, na kuma rubuto sunayen mutum tara da zan kira yau da dare. Mai babur na gaya masa ya sayar in ya samu mai saye. Da na ajiye wayar sai da hawaye ya zo mini. Ku sa ni a addu'a, don har yanzu ina son babur ɗin.