Neman kalma: me za mu kira MUD da Hausa kafin Alhamis?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri kan kyamarorin tsaro da jama'a ke ta kafawa a gida da shago, za mu naɗa ranar Alhamis da safe, kuma na maƙale a wuri guda. Akwai tsarin da ake kira Manufacturer Usage Description, a taƙaice MUD, wanda ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a watan Maris na 2019 cikin takarda mai lamba RFC 8520. Kamfanin da ya ƙera na'ura ne ke rubuta fayil, ya ce kyamarar nan da wuri kaza da wuri kaza kaɗai take buƙatar magana a intanet. Ina son sunan da mai shago a Kantin Kwari zai ji sau ɗaya ya gane. Ku taimaka.

Malamin Aji: Wa alaikumus salam Hajiya. "Bayanin amfani daga masana'anta". Kai tsaye ke nan.

Mai Shirin Rediyo: Na gwada shi, Malam. Wanda na karanta wa ya zaci 'yar takardar nan ce da ake samu a cikin kwali.

Injiniya: Dole ya zaci haka, domin ba don mutum aka rubuta fayil ɗin ba, na'ura ce ke karantawa. Da an jona kyamarar, sai ta miƙa wani adireshi, ko ta DHCP, hanyar da take bi ta nemi lambarta ta shiga intanet, ko ta LLDP, hanyar da take gabatar da kanta ga na'urar da aka jona ta da ita, ko a cikin takardar shaidarta ta X.509. Na'urar da ke kula da gidan ta bi adireshin, ta ɗauko fayil ɗin, ta duba sa hannun kamfani, sannan ta mayar da shi dokoki a bakin ƙofa. Duk inda ba a ambata ba, an rufe. Ni "ƙa'idar mai ƙera" nake cewa idan ina yi wa yarana bayani a wurin aiki.

Dattijon Zaure: Duk kun tafi nesa alhali kalmar na gida. Burtali. Hanyar da ake shata wa shanu tsakanin gonaki, a yi mata shinge dama da hagu, dabba ta bi ta je mashaya ta dawo ba ta taɓa dawar kowa ba. Me ya raba wannan da abin da Injiniya ya faɗa? Burtalin na'ura. Na gama muku.

Malamin Aji: Allah ya gafarta Malam, wallahi ta yi daɗi a baki.

Injiniya: Ta yi daɗi, Baba, amma akwai gyara. Burtali hukuma ko mai gari ke shata shi, kuma shingen na nan a ƙasa. A nan kamfani ba ya kafa shinge ko ɗaya. Faɗa kawai yake yi: ga inda dabbar da na sayar maka take kiwo. Mai gida ne ke da ikon ya yarda, ya ƙara ko ya rage. In rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gidanka, ba ta san MUD ba, fayil ɗin banza ne.

Dattijon Zaure: To sai a ce burtalin maƙeri.

Ɗan Damagaram: Maƙeri kuma? Mai sauraro zai hango zuga-zugi da uwar maƙera. Kuma ina da ƙorafi tun ɗazu. Kuna ta rauta, fayil, kamfani, ba wanda ya ce uffan. Mu in muka ce rezo sai a ce ba Hausa ba ce, alhali ku netwok kuke cewa. Shirin nan ana jin sa har Maraɗi ko kuwa Kano kaɗai?

Malamin Aji: Ɗan'uwa, daidaitacciyar Hausa dai a kan ta Kano aka gina ta, ba ni na tsara ba.

Ɗan Damagaram: An gina ta a kan ta Kano, ba a ce an sayar wa Kano ita ba.

Dattijon Zaure: Shi ya sa na ce burtali! Babu Turanci, babu Faransanci, babu Larabci. Ita kanta masana'antar da Malam ya kawo daga Larabci take. Yaranmu sun iya sunan kowace waya amma ba su san turke da dabaibayi ba, kuma mu ne muke jawo haka duk lokacin da muka ji kunyar kalmar karkara a gaban makirufo.

Mai Shirin Rediyo: Baba, ba kunya ba ce, ni ma jikar makiyaya ce ta wajen uwa. Tsorona daban ne. Yau in ka ce burtali a rediyo, hankalin mutane rikicin manoma da makiyaya yake tafiya, kafin in dawo da su kan kyamara minti biyu sun wuce. Ga kuma abin da nake so su riƙe: ranar 21 ga Oktoba 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita, ta tura su kan kamfanin Dyn a Amurka, wanda ke nuna wa kwamfutoci adireshin shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka kai harin ba. Kyamarar da aka taƙaita wa inda za ta je, ko an kama ta da wuya a aike ta irin wannan aika.

Injiniya: Daidai. Sai dai ki faɗa musu ba ya hana a kama ta, ɓarnar yake ragewa. Kuma har yanzu kamfanonin da ke sa shi a kayansu ba su da yawa, kada mutum ya je kasuwa ya ɗauka kowace kyamara na da shi. Tunda hulɗa ake iyakancewa, me zai hana "takardar iyakar hulɗa"?

Malamin Aji: Ina mai ƙerawar ya shiga? Shi ne fa kan maganar.

Injiniya: "Iyakar hulɗa daga mai ƙera". A karon farko ta faɗe shi cikakke, daga nan ta riƙa cewa iyakar hulɗa.

Ɗan Damagaram: Wannan za a gane ta a wajenmu. Amma in kin zo kan netwok, Hajiya, ki haɗa da rezo ko sau ɗaya ne.

Mai Shirin Rediyo: Zan haɗa, in sha Allah. Na ɗauki "iyakar hulɗa daga mai ƙera" a matsayin suna. Baba, burtalinka zan yi misali da shi a tsakiyar shiri, bayan na gama labarin Mirai, in ce kamfani ya zana burtali, mai gida ya kafa shinge.

Dattijon Zaure: Kalma biyar a inda ɗaya ta isa. Ban yarda ba, 'yata, amma shirinki ne. Ni dai a littafina burtali na rubuta. Ƙarfe nawa za a sa shi?