Tambaya a kan Gidan Nasif da ke tsohon garin Jidda

Baban Zainab:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga 'yan'uwa da suka daɗe a Jidda game da Gidan Nasif, wanda ke kan titin Kasuwar Alawi a cikin Balad, wato tsohon garin. Dattawanmu suna ambatonsa da gidan littattafai, alhali masu kai baƙi ziyara a yau gidan tarihi suke ce masa. Wanne ne daidai, kuma ina littattafan suka shiga?

Malam na Makka:
Wa alaikumus salam. Duka biyun daidai ne, zamani ne ya bambanta. An fara ginin a 1872, aka gama a 1881, kuma mai shi, Umar Nasif, attajiri ne kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda. Saboda haka tun farko gidan iyali ne kuma masaukin manyan baƙi. Da Sarki Abdul'aziz ya shiga Jidda a Disambar 1925, a nan ya sauka, ya riƙa ganawa da manyan gari da wakilan ƙasashen waje, har gidan ya zama tamkar fada na ɗan lokaci.

Abin da dattawa ke tunawa kuwa zamanin jikan Umar Nasif ne, Shehu Muhammad Nasif, Allah ya jiƙansa, malamin da ya tara littattafai dubbai, ya buɗe zaurensa ga malamai da ɗalibai, har da waɗanda aikin Hajji ya kawo. Ya rasu a 1971. Littattafan an mayar da su Jami'ar Sarki Abdul'aziz, gwamnati kuma ta sayi gidan a 1975.

Hajiya Babba:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Zan ƙara da cewa an gina gidan da dutsen murjani na bakin teku, da tagogin katako da ake kira rawashin, masu shigo da iska ba tare da na waje ya ga na ciki ba. Matakalarsa tana da faɗi da sauƙin hawa, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya. Darbejiyar ƙofar gidan ma tana da tarihi, domin a da gidan ake wa kwatance da ita.

Ɗalibi a Jidda:
Ranka ya daɗe Malam, na ƙaru. Gyaran da aka yi wa gidan ya yi kyau, musamman bayan da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, amma raba gidan da littattafansa yana damuna ƙwarai. A jami'a sun fi samun kulawa, wannan gaskiya ne, sai dai mai ziyara yana iya zagaya ɗakunan ya fita bai san an taɓa yin karatu a wurin ba. Da za a ware zaure ɗaya a dawo da kwafin wasu daga cikinsu, a riƙa zama don karatu ko da sau ɗaya ne a mako, ina ganin ɗalibai da yawa za su halarta.