Neman shawara: M&P15-22 ko Ruger 10/22 don gona da koyon saiti?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gona a fadamar Rima, gafiya da zomaye suna yi mini ɓarna, kuma ina son koyon saiti. Hankalina ya karkata ga ƙananan bindigogin nan masu cin harsashin .22 LR da aka ƙera da siffar ta soja. Biyu suka tsaya mini a rai: Smith & Wesson M&P15-22, da Ruger 10/22 wadda aka sauya wa jiki ta koma baƙa. Wacce za ta jure ƙurar Sakkwato?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Takarda tukuna. A dokar makamai ta 1959, irin wannan bindiga Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke ba da lasisinta. Kwamishinan jiha iyakarsa bindigar toka. Ƙanƙantar harsashi ba ta fitar da ita daga doka. Kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da lasisi, don haka ka je hedikwatar 'yan sanda da ƙafarka ka ji matsayin yau. In babu, ka haƙura da tarko da shinge.

Sai siffar. M&P15-22 an kwaikwayo ta ne daga AR-15, bindigar Amurka mai siffar ta soja. Jami'in da ke shingen bincike da magariba, a jihar da Isa da Sabon Birni ke fama da 'yan bindiga, ba zai tsaya karanta lambar da ke jikin bututu ba. Wannan siffa a nan haɗari ce ga ranka, kuma ba ta ƙara wa harsashi ko taku ɗaya.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, duka biyun ƙarfin fashewar harsashi ne ke tura makullinsu (ƙarfen da ke rufe bayan harsashi) baya, ya tofar da kwanso, ya ɗauko wani. Harsashin .22 kuwa ƙazami ne: darmarsa shafe take da kakin da zafin bazara ke narkarwa, ga tokar albarushi. Su haɗu da ƙurar hunturu da man da ka lafta, sai su zama laka. Nan ne kwanso ke maƙalewa a bakin fita, ko makulli ya kasa rufewa sosai, ka ja kunama ka ji ƙit ba ƙara.

M&P15-22 ta fito a 2009, jikinta roba ce mai ƙarfi, ba nauyi, gidan harsashinta na cin 25. Tana da tsirfa wajen loda shi: in harsasai ba su jeru daidai ba, tana cijewa. Ruger 10/22 tun 1964 ake yin ta, gidan harsashinta mai juyawa na cin 10, yana shigewa ciki ba ya leƙowa, kuma ya fi jure wahala. Tsakanin biyun Ruger zan ce, amma da jikinta na asali na katako.

Gaskiya dai, don gona, wadda ake ɗana wa da hannu irin CZ 457 ta ƙasar Cek ta fi su duka. Sassanta kaɗan ne, ƙura ba ta da maɓoya, tana cin harsashi mai ƙaramin ƙarfi da mai ƙarfi ba gardama, kuma harbi ɗaya-ɗaya shi ke koya wa hannu natsuwa.

Kowacce ka riƙe, mai ɗigo biyu ko uku ya isa, ka goge ragowar da tsumma. Ka tsabtace mazaunin harsashi da fuskar makulli duk bayan harbi ɗari biyu zuwa uku. Kada ka saba jan kunama babu harsashi. A yawancin irin waɗannan, allurar da ke bugun harsashi gefen mazauni take duka, ta lotsa shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To nisanta fa? Za ta yi maganin tsuntsayen jan-baki a shinkafa?

Amsa ta uku:
Jan-baki a'a, Malam. Garken dubbai ba a korarsa da harsashi ɗaya, kuma harbi sama da wannan bindiga ganganci ne: harsashin na iya tafiya fiye da kilomita 2 kafin ya faɗo, a fadamar da ko'ina akwai manomi ko makiyayi. Yana kuma tsalle in ya bugi ruwa ko busasshiyar ƙasa mai tauri. Kada ka harba sai akwai tudun ƙasa mai laushi a bayan abin da ka auna.

Nauyin darmar kusan giram 2.6 ne. Daidaita saiti a mita 50. A mita 100 za ta sauka ƙasa da kusan santimita 15 zuwa 20, iskar hunturu kuma na karkatar da ita sosai. Gafiya da zomo kada ka wuce mita 50, don kar ka raunata dabba ta gudu ta wahala.

Duba rubutun bututu da na kwali su zo ɗaya. .22 LR da .22 WMR (wani harsashin .22 da ya fi shi girma da ƙarfi) ba a musanya su. Na farko a mazaunin na biyu kwanso yake tsagewa. In harsashi ya ƙi tashi, bar bakin bindiga yana kallon tudun, ƙirga talatin, sannan ka buɗe. A gida kuma bindiga a kulle, harsashi a wani akwatin daban, mabuɗi a aljihunka ba inda yara ke kai hannu ba.