Manhaja ta ƙi tashi bayan na ɗora sabuwa, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai buga kati, Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Manhajar da nake zana katin biki da ita ta ƙi buɗewa tun da na ɗora sabuwa kan tsohuwa, in na danna sai tambarin ya fito ya ɗan tsaya ya ɓace, ko saƙo ba ta bari. Na cire na sake sakawa, duk ɗaya. Ga katin ɗaurin auren mutane ranar Juma'a, yaron shagona kuma ya nace a yi fomatin, wato a goge komai na kwamfutar a sake ɗorawa.

Mai gyara, Dambatta:
Wa alaikumus salam. Alhaji don Allah kar ka yi fomatin. Cirewa ba ta taɓa tsohon saiti, yana nan kwance a wata folda daban, sabuwar na tashi ta karanta shi ta rikice. Danna maɓallin Windows da R, rubuta %appdata%, nemo folda mai sunan manhajar ka canza mata suna, kar ka goge, ko "tsoho" ka ƙara a ƙarshe. Da ka buɗe za ta ƙirƙiri sabuwa da kanta. In CorelDRAW ce ma riƙe F8 lokacin da take tashi don ta koma saitin asali, Photoshop kuma Ctrl da Alt da Shift tare.

Malamar firamare, Kazaure:
Ni kam tawa saitin na nuna wata filas da nake ajiye sakamakon yara, filas ɗin ta ɓata, manhajar ta yi ta nemanta ta ƙi wucewa. Ƙanina ya buɗe fayil ɗin saitin a Notepad ya gyara layi ɗaya tal, wallahi na ji takaici don saura kaɗan na biya kuɗin fomatin na rasa aikin zango guda.

Ɗan Bichi:
A duba kwanan wata kuma. Kwamfutata duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma wata tsohuwar shekara, ashe ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta, CR2032, ya mutu.

Mai buga kati, Ringim:
Malam na Dambatta Allah ya saka da alheri, na canza sunan foldar ta tashi. Sai dai kalolin da na jera sun tafi, zan iya kwaso su daga tsohuwar?

Mai gyara, Dambatta:
Za ka iya Alhaji, amma ɗaya bayan ɗaya kana buɗewa kana gwadawa, wanda ya sake kashe ta shi ne mai laifin, bar shi can.